Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka: Ƙarami Ya Kamo Babba Ne, Ko Sa'ar Dare Ɗaya Ce?

Ranar 16 ga Maris, 2018, a birnin Charlotte, wata jami'a daga jihar Maryland mai suna UMBC, wadda Amurkawa da dama ba su taɓa jin ɗuriyarta ba, ta lallasa Virginia da maki 74 da 54. Virginia ce aka ɗora a kan kowa a gasar ƙwallon kwandon jami'o'i ta waccan shekarar. Kafin wannan dare, sau 135 ƙungiya mai lamba 16 tana haɗuwa da mai lamba 1 a gasar maza, kuma duk sau 135 ɗin ita ke shan kashi. Shekara bakwai bayan haka, a Afrilun 2025, aka hallara a San Antonio don wasannin kusa da na ƙarshe, sai ga shi ƙungiyoyi huɗun da suka rage su ne dai huɗun da kwamiti ya ba lamba 1 tun kafin a taɓa ƙwallo: Auburn, Duke, Florida da Houston.

Duk shekara, da zarar Fabrairu ta kama hanyar ƙarewa, musu ya tashi ke nan a gidajen talabijin da ofisoshi da harabar makarantun Amurka. Wasu su ce bana babu gwani, kowa na iya kayar da kowa, zamanin danniyar manya ya wuce. Wasu su ce wannan waƙa ce da ake rerawa kowane Maris, amma kofin gidan da ya saba kwana yake komawa. Kowane ɓangare yana riƙe da hujjoji na gaske, saboda haka ya kamata a saurari kowa kafin a yanke hukunci.

Tsarin da ke haifar da musun

Jami'o'i sama da 350 ne ke buga wasa a mataki na farko ƙarƙashin hukumar NCAA, an karkasa su zuwa lig-lig sama da 30. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris ana fafatawa, sannan kowane lig ya shirya tasa ƙaramar gasar, wanda ya lashe ya sami tikiti kai tsaye. Sauran guraben kwamiti ne ke raba su har adadin ya cika 68. An fara gasar a 1939 da ƙungiya takwas, Oregon ta ɗauki kofin farko. An kai 64 a 1985, aka kai 68 a 2011. Bayan wasanni huɗu na share fage a Dayton, sai a raba 64 ɗin zuwa shiyya huɗu, kowace shiyya a jera ƙungiyoyinta daga lamba 1 zuwa 16. Ta 1 ta kara da ta 16, ta 2 da ta 15, haka har a gama. Sili ɗaya ƙwale ne, wanda ya faɗi sau ɗaya sai ya tattara nasa ya nasa. Mai son kofi sai ya ci wasa shida a jere cikin mako uku.

Amurkawa na kiran wannan lokaci March Madness, wato haukar Maris. Miliyoyin mutane, har da waɗanda ba su kalli wasa ko ɗaya ba duk kakar, suna cike jadawalin hasashen wanda zai ci kowane wasa. Barack Obama ma yakan cike nasa a gaban kyamara lokacin yana shugaban ƙasa. A 2014 attajiri Warren Buffett ya tsaya wa tayin dala biliyan 1 ga duk wanda ya canki wasannin gaba ɗaya daidai, ba a samu ba. Mafi nisan da aka tabbatar a gasar maza shi ne na wani mutum a 2019, wanda ya canki wasa 49 a jere kafin na 50 ya kuɓuce masa. Ke nan babu mai jayayya cewa gasar ba ta cankuwa. Inda aka rabu shi ne dalili: ƙarfin ƙungiyoyin ne ya zo ɗaya, ko tsarin gasar ne ke rufe bambancinsu?

Masu cewa tazara ta rufe

Hujjarsu ta farko tarihi ce. Tsakanin 1964 da 1975, UCLA ƙarƙashin koci John Wooden ta ɗauki kofi goma, bakwai daga ciki a jere, har ta taɓa cin wasa 88 ba tare da an kai ta ƙasa ba. A wancan zamani gwanin ɗan wasa zama yake har ya kammala karatu. Lew Alcindor, wanda duniya ta sani daga baya da Kareem Abdul-Jabbar, kaka uku ya buga wa babbar ƙungiyar makarantar, kofi uku ya ɗauka. Tun da Wooden ya ajiye aiki, makarantu uku kacal suka iya riƙe kofin shekara biyu a jere: Duke a 1991 da 1992, Florida a 2006 da 2007, sai UConn a 2023 da 2024. Babu wadda ta yi uku. Rabon da ƙungiya ta gama kaka ba a doke ta ba tun Indiana a 1976. Kentucky ta taho da nasara 38 a 2015, Wisconsin ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe. Gonzaga ta taho da 31 a 2021, Baylor ta ƙwace kofin a hannunta ranar ƙarshe.

Hujja ta biyu, dokar wasan kanta ta ba gajere makamin yaƙar dogo. Kafin 1986, wanda ya tara ƙarti a gindin kwando shi ke da wasa. Da aka shigo da jifa mai maki uku daga nesa, sai lissafi ya sauya. A 2024 wani ɗan wasan Oakland mai suna Jack Gohlke, wanda ya taso daga mataki na biyu, ya zura irin wannan jifa har goma, ya tara maki 32, aka kori Kentucky da 80 da 76. Shekara guda kafin nan, Fairleigh Dickinson, ƙungiyar da ta fi kowace gajarta a matakin farko, ta kayar da Purdue mai lamba 1 da 63 da 58, duk da cewa Purdue na da Zach Edey mai tsawon sama da mita 2.2. Abin da ya ƙara wa labarin armashi, Fairleigh Dickinson ba ta ma lashe gasar lig ɗinta ba. Merrimack ce ta doke ta a wasan ƙarshe, sai dai ita Merrimack ba ta cika sharuɗɗan shiga babbar gasa ba saboda sabuwar hawa ce a matakin, tikitin ya faɗo hannun wadda aka kayar.

Hujja ta uku ita ce shekaru. Tun daga 2006 gasar ƙwararru ta NBA ta hana ɗaukar yaro kai tsaye daga sakandare, sai ya kai shekara 19. Sakamakon haka fitattun yara suka riƙa yada zango na shekara ɗaya a manyan jami'o'i su wuce. Babbar makaranta tana da baiwa amma kullum sabuwar ƙungiya take ginawa, ƙarama kuwa tana da mutanen da suka shekara uku ko huɗu suna wasa tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ko bai duba ba. A daren da Oakland ta kori Kentucky, Gohlke yana da shekara 24, a ɗaya ɓangaren kuma akwai Reed Sheppard da Rob Dillingham, 'yan shekarar farko, waɗanda bayan 'yan watanni aka zaɓe su cikin goman farko a NBA. Baiwa tana wajen yaran, amma natsuwa tana wajen wanda ya daɗe a fage.

Hujja ta huɗu, rijiyar da ake ɗiba ta faɗaɗa. Lokacin da Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a farkon shekarun 1980, abin mamaki ne a ga ɗan Afirka a wannan fage. Yau kuwa da wuya ka duba jerin 'yan wasan ƙungiya ba ka ga baƙo daga Afirka ko Turai ko Ostireliya ba. Adama Sanogo, ɗan Mali, shi ne gwarzon wasannin ƙarshe na 2023 tare da UConn, kuma ya buga ƙarshen gasar yana azumin Ramadan. Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya, yana cikin biyar ɗin farko na Florida da ta ɗauki kofin 2025. Shekaru da dama kuma doka ta taƙaita wa kowace makaranta ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa 13 kawai, saboda haka duk girman makaranta ba ta iya kwashe gwanaye ta ajiye a benci. Dole wasu su gangara wani wuri.

Daga nan sai su jero shaidu. George Mason a 2006, VCU a 2011 da Loyola ta Chicago a 2018, duk da lamba 11 suka kai zagayen huɗun ƙarshe. Saint Peter's, ƙaramar makaranta a Jersey City, ta ɗauki lamba 15 a 2022 ta kori Kentucky da Purdue har ta kai takwas ɗin ƙarshe, abin da ba a taɓa gani ba. Mai lamba 12 tana kayar da mai lamba 5 kusan sau ɗaya cikin uku. Shekarar 2023 kuwa ita ce babbar madogararsu: a karon farko babu mai lamba 1 ko guda da ta kai takwas ɗin ƙarshe, huɗun da suka rage su ne UConn, Miami, San Diego State da Florida Atlantic. In wannan ba daidaito ba ne, in ji su, to mene ne?

Masu cewa babba babba ne

Waɗannan kuma amsarsu gajeriya ce: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A bar ƙidayar wasannin ranar farko, a ƙirga kofuna. Daga 1985 zuwa 2025 an buga gasar sau 40, domin annobar korona ta hana ta 2020. A cikin 40 ɗin, sau 26 mai lamba 1 ce ta ɗauki kofin. Ƙungiya huɗu kacal cikin sittin da wani abu ke riƙe da wannan lamba, amma su ke tafiya da kusan kashi biyu cikin uku na kofuna. Mafi ƙasƙancin lambar da ta taɓa zama zakara ita ce 8, wato Villanova a 1985, kuma sai da ta zura jifa 22 cikin 28 kafin ta iya doke Georgetown ta Patrick Ewing da maki biyu tak. Ita Villanova ɗin ma ba ƙaramar makaranta ba ce, lig ɗinsu ɗaya da Georgetown.

Ƙananan da suka yi nisa fa, ina suka ƙare? Butler ta kai wasan ƙarshe a 2010 da 2011, duka biyun ta koma hannu wofi. Gonzaga haka, a 2017 da 2021. San Diego State ta sha kashi da 76 da 59 a 2023, shekarar da ake kira ta daidaito, kuma wadda ta doke ta, UConn, ta ci wasanninta shida duka da ratar maki goma ko fiye, ta kuma maimaita hakan a 2024. UMBC da Fairleigh Dickinson, kowacce wasa na gaba aka sallame ta. Virginia da aka yi wa dariya a 2018 ita ce zakara a 2019. Purdue da aka kunyata a 2023 ta kai wasan ƙarshe a 2024. Wato faɗuwarsu ba ta nuna cewa ba su da ƙarfi ba, ta nuna cewa dare ɗaya bai isa auna ƙarfi ba.

Nan ne suke kafa babbar hujjarsu. Wasan jami'a minti 40 ne, na NBA 48. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, saboda haka usur biyu da wuri sun isa su zaunar da gwarzon ƙungiya kusan rabin wasa. Ana bugawa a filin da ba na kowa ba, 'yan kallon da ba su da gwani kuma kullum bayan ƙarami suke. Uwa uba, wasa ɗaya ne. A NBA sai ka doke abokin karawa sau huɗu cikin bakwai kafin ka wuce, shi ya sa a can sa'a ba ta da dogon numfashi. Ƙungiyar da za ta sha kashi sau tara cikin goma tana da ranarta guda, kuma idan aka buga wasa 32 cikin kwana biyu, dole ranar wani ta faɗo. Ba-zatan da ake gani ɗiyar tsarin gasa ce.

Sai kuma maganar kuɗi da sauyin sheƙa, wadda suke ganin ita ce ke ƙara buɗe tazarar a yanzu. A 2018 aka buɗe rajistar da ɗan wasa ke sa sunansa idan yana son canza makaranta. A 2021 aka soke sharaɗin zaman shekara guda ba wasa ga mai sauyin farko, a 2024 kuma aka cire iyakar yawan sauyin. A Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba makarantu damar biyan 'yan wasansu kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekara. Duk wanda ya haskaka a ƙaramar makaranta, kafin ya cire takalmi manya sun fara kira.

Ƙungiyar Florida ta 2025 ta ishi mai neman misali. Walter Clayton Jr., gwarzonta, daga Iona ya zo. Will Richard daga Belmont. Alijah Martin kuwa yana cikin waɗanda suka kai Florida Atlantic huɗun ƙarshe a 2023. Kocinsu Todd Golden ma daga San Francisco aka ɗauko shi. Johni Broome, ginshiƙin Auburn, a Morehead State ya fara. Mutanen da a da su ne za su yi wa manya ba-zata, yanzu rigar manyan ce a jikinsu. Aka kuwa ga sakamako: a 2025 babu mai lamba 13, 14, 15 ko 16 da ta ci wasan zagayen farko, ƙungiyoyi 16 da suka rage a mako na biyu duk daga manyan lig huɗu suka fito, lig ɗin SEC shi kaɗai ya shigar da 14 daga cikin mambobinsa 16.

Har ƙofar shiga ma, in ji su, ba ɗaya ba ce. Kwamiti yana auna nasarorin da ƙungiya ta samu a kan manya, manyan kuma ba sa son zuwa gidan ƙarami mai haɗari. Sun gwammace su biya wata mai rauni ta zo filinsu ta sha kashi ta karɓi kuɗinta. Indiana State ta ci wasa 28 a kakar 2024 kafin ta faɗi a wasan ƙarshe na gasar lig ɗinta, aka bar ta a waje. Bayan kakar, kocinta da fitaccen ɗan wasanta suka koma Saint Louis.

Inda kowa ya yi gaskiya, da inda ya zarce

Idan aka ɗora hujjojin a ma'auni, za a ga kowane ɓangare yana amsa wata tambaya ce daban. Na farko yana magana a kan wanda zai iya cin wasa, na biyu a kan wanda zai iya cin kofi. A kan wasa ɗaya, na farko ya yi gaskiya ƙwarai. Abin da bai taɓa faruwa ba cikin shekara 33, wato mai lamba 16 ta kayar da mai lamba 1, ya faru sau biyu tsakanin 2018 da 2023, kuma wannan ya wuce a kira shi tsautsayi. A kan wasa shida a jere kuwa, alƙaluman na biyu ba su da makawa.

Amma su ma na biyun suna zarcewa idan suka ɗauki 2025 suka mai da ita doka. Shekara biyu kacal ke tsakaninta da 2023, kuma a lokacin an riga an fara biyan 'yan wasa, an riga an buɗe ƙofar sauyin sheƙa. Huɗu masu lamba 1 sun taɓa haɗuwa a ƙarshe a 2008, ba a sake gani ba sai bayan shekara 17. Akwai kuma ƙarin shekarar wasa da aka ba 'yan wasa saboda korona, wadda ta cika ƙungiyoyi da manyan mutane har zuwa 2025, yanzu kuma ta ƙare. Sauyin sheƙar ma ba hawa kaɗai yake yi ba, wanda ya gaji da zaman benci a babbar makaranta yakan sauko inda zai buga. Shi kansa kuɗin da aka ƙayyade a sulhun 2025 na duk wasannin makaranta ne, kuma a manyan lig-lig ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ce ke cinye kaso mafi tsoka. Makarantu irin su Gonzaga, Marquette, Creighton da St. John's ba su da wannan wasa, abin da suka samu a kwando za su zuba. Shekara ɗaya ko biyu ba su isa a ce ga inda ruwan zai kwanta ba.

Abin da nake gani shi ne daidaiton yana nan, sai dai a sama yake. Da'irar waɗanda za su iya ɗaukar kofi ta faɗaɗa daga gidaje biyar ko shida zuwa wasu gomomi. Virginia ta ɗauki kofinta na farko a 2019, Baylor a 2021. Auburn ta fara taka huɗun ƙarshe a 2019, Alabama a 2024. A ɗaya gefen, Indiana rabonta da kofi tun 1987, UCLA tun 1995, Kentucky tun 2012. Tsohon suna ya daina cin wasa shi kaɗai. To amma sababbin da suka hau duk masu hali ne, daga lig-lig masu kwangilar talabijin. Tsakanin waɗannan gomomi da sauran makarantu kusan 300, ratar faɗi take ƙarawa.

Akwai kuma wata tambaya a ƙarƙashin wannan: shin daidaiton ake so da gaske? Wasan ƙarshe na 2023, wanda San Diego State ta buga, mutum ƙasa da miliyan 15 ne suka kalla a Amurka, adadi mafi ƙanƙanta da aka taɓa samu zuwa lokacin. Na 2025 tsakanin Florida da Houston ya haura miliyan 18. Masu kare manya na cewa jama'a na son ganin ƙarami ya yi abin mamaki ranar Alhamis ta farko, amma ranar kofi gwanaye suke son gani. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya zauna kallon wasan ƙarshe, mako uku kafin nan aka jawo shi, kuma abin da ya jawo shi shi ne yiwuwar makarantar da ba a san ta ba ta kayar da mai suna. Da manya zalla ake so, ai NBA na nan, kuma ta fi iya wasa. Abin da gasar jami'o'i ke da shi wanda babu a can shi ne wannan buɗaɗɗiyar ƙofa.

Matsayata

Wasu masu kukan mutuwar ƙananan makarantu suna ɗora laifin a kan 'yan wasa, suna so a koma zamanin da ba a biyansu kuma ba su da ikon motsi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A 2010 NCAA ta sayar da haƙƙin nuna gasar ga CBS da Turner kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 aka tsawaita shi zuwa 2032 kan ƙarin biliyan 8.8. Duk wannan dukiya da gumin yara aka tara ta, da yawansu 'ya'yan talakawa, alhali an haramta musu karɓar ko sisi bayan kuɗin makaranta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su kuma kociyoyi ba a taɓa ɗaure su ba. Shaheen Holloway ya bar Saint Peter's zuwa Seton Hall 'yan kwanaki bayan abin tarihin da suka yi. Tobin Anderson ya bar Fairleigh Dickinson zuwa Iona cikin mako guda da doke Purdue. Dusty May ya bar Florida Atlantic zuwa Michigan a 2024. Ba wanda ya kira su maciya amana. Daidaiton da sai an tauye haƙƙin ɗan wasa kafin ya tsaya bai cancanci a kare shi ba.

Amma yarda da 'yancin ɗan wasa bai sa a naɗe hannu a bar ƙananan makarantu su zama wurin reno kawai ba. Duk mai bin ƙwallon ƙafa a ƙasashenmu ya san wannan ciwo: ƙungiyar gida ta gano yaro, ta horar da shi, da ya fara haske sai Turai ta ɗauke. A can aƙalla FIFA ta tanadi diyyar horarwa, da kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa da ake raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi. A ƙwallon kwandon jami'o'i, Iona da Belmont ba su da wani kaso a dokance daga kofin da yaransu suka ɗauka a Florida. Na farko, tunda an riga an amince harka ce ta kuɗi, adalci shi ne makarantar da ta ɗauki gwani ta biya wadda ta gina shi, ba tare da an taɓa rabon ɗan wasan ba. Haka kuma a buɗe hanyar kwangilar shekara biyu ko uku da yardar ɗan wasa, don koci ya san da wa zai wayi gari.

Na biyu, a tsare ƙofar shiga. An yi ta maganar ƙara yawan ƙungiyoyi zuwa 72 ko 76, kuma manyan lig-lig ne suka fi matsawa. Idan ƙarin guraben zai tafi ne ga ta goma sha ɗaya da ta goma sha biyu a babban lig, waɗanda suka faɗi kusan rabin wasanninsu na lig, to an ƙara yawa an rage ma'ana. Wanda ya fi cancanta shi ne zakaran ƙaramin lig da ya mamaye kaka ta wata huɗu, ya yi tuntuɓe rana ɗaya a gasar lig. Tikitin kai tsaye na kowane lig kuwa kada a kuskura a taɓa shi. Kwamiti kuma ya saka wa babbar makarantar da ta yi ƙarfin halin zuwa gidan ƙarama, ya daina hukunta ƙarama kan wasannin da aka ƙi ba ta.

Na uku, rabon kuɗin gasar. Kowane wasa da ƙungiya ta buga yana jawo wa lig ɗinta kaso, kusan dala miliyan 2 da ake biya cikin shekara shida. Lig ɗin da ya shigar da 14 zai kwashi ninkin-ba-ninkin na wanda ya shigar da ɗaya, ya sayi gwanaye da shi, baɗi ya sake shigar da 14. Wannan zagaye ba zai warware da kansa ba, sai an ware wa ƙananan lig-lig kaso mai kauri da gangan.

Ba-zata ba za ta ƙare ba muddin wasa ɗaya ne ke raba gardama, kuma wannan ne ke sa masu riƙe da ragamar gasar sakin jiki. Duk lokacin da aka yi musu ƙorafi, sai su nuna wani dare da ƙarami ya kayar da babba su ce ga shi, komai lafiya. Wannan dare ba shaida ba ce cewa an yi adalci. Shaidar da za ta gamsar ita ce ƙaramar makarantar da ta yi abin mamaki bana ta dawo baɗi da kocinta da rabin 'yan wasanta, ko kuma da kuɗin da za ta gina wasu. Gonzaga ta yi wannan tafiya tun daga 1999, ta tashi daga baƙuwar da ake tafa wa ta zama wadda ake tsoro, saboda ta sami shekarun da za ta ɗora bulo a kan bulo. Aikin da ke gaban NCAA da shugabannin lig-lig shi ne su tabbatar makaranta ta gaba mai irin wannan buri ta sami waɗannan shekaru, kuma lokacin yin hakan shi ne yanzu da ake rubuta sababbin dokokin kuɗi, kafin su daskare.